Ƙarfen da Bai Taɓa Shiga Idon Kawu Ba

Kawuna ɗan tauri ne. Dole in fara da wannan, in ba haka ba duk wanda ya karanta abin da zan faɗa zai ɗauka ni ce marar kunya mai neman dattijo da rigima.

Yayan mahaifiyata ne, a gidansa na Ɗorayi na girma bayan rasuwar mahaifinmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Tun yana saurayi aikin ƙarfe yake yi. Ya fara a wani kamfanin gadaje a Bompai, da aka rufe kamfanin ya koma Sharaɗa, inda yake wasa wuƙaƙen injina da gyaran duk abin da ya karye a wata masana'antar robobi. Yini yake yi a gaban dutsen giranda, tartsatsi na tashi har saman kansa, shi kuwa ko tabarau ba ya sawa. In aka ba shi na kamfani sai ya rataye a ƙusa. Me zai yi da shi? Ai ya sha, ya yi wanka, ya ɗaura, ƙarfe ba ya cin jikinsa. In ana bikin wani ɗan'uwansu aka buga kiɗan tauri, da idona na sha ganin ya gurza wuƙa a cikinsa ta lanƙwashe, mata na guɗa. Ban taɓa yi masa musu a kan wannan ba, kuma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ni kuwa Allah ya sa abincina a jikin mayen ƙarfe. Ina koyar da fiziks a jami'a, bincikena kuma a kan wani baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli, wanda muke haɗawa daga dangin tsatsa. Burinmu wata rana a riƙa ɗiga shi a ɗan jinin da aka ɗiba, ya manne wa ƙwayar cuta, a jawo su tare da mayen ƙarfe, a gane abin da ke damun mutum tun da wuri. Saboda garin nan har ƙasar waje na je, inda suke da wani katafaren inji mai harbo wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron. Su waɗannan ratsa ƙarfe suke yi su wuce abinsu, amma in sun gifta ta cikin abu mai maganaɗisu sai su ɗan karkace, daga wannan karkacewar muke lissafo yadda cikin abin ya jeru. Da na dawo na zauna ina yi wa Kawu bayani da zumuɗi. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"To ai shi ke nan, Uwata," in ji shi. "Abu ya ratsa ƙarfe, ƙarfe bai ce masa uffan ba. Ashe su ma Turawan sun san tauri."

Haka muke da shi tun fil'azal. Duk abin da na kawo masa daga makaranta, yana da aljihun da zai jefa shi.

Da girma ya fara kama shi, ciwon baya ya sa shi gaba. Tun yana ɓoyewa har ciwon ya gangara ƙafar dama, yatsun suka fara mutuwa, wata rana takalminsa ya zame a ƙofar masallaci bai sani ba sai da aka biyo shi da shi. An sha sassaƙe, an yi ƙaho, an yi gashi, duk a banza. Daga ƙarshe likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙashin bayan da injin nan da ake kira Em-Ar-Ai. Kawu ya buga mini waya cike da murna.

"Uwata, an ce a injinku za a saka ni, na mayen ƙarfe. Sai ki zo ki ga aiki."

Ina ajiye wayar sai na tuna wani abu da na daɗe ban tuna ba. Ina 'yar firamare, wata rana da tsakar rana Kawu ya dawo daga Bompai, ba lokacin tashinsu ba ne, idonsa na hagu ɗaure da ƙyalle, ƙyallen ya yi jajir. Ya shige ɗaki ya daɗe bai fita aiki ba. Duk wanda ya zo dubiya sai a ce masa ciwon idon nan ne na Afolo. Na girma da wannan magana ban taɓa juya ta ba, sai ranar. Wane irin Afolo ne zai shiga gida cike da yara masu kwana a tabarma ɗaya, ya kama mutum guda ya tsallake kowa? Wane Afolo ne ke zubar da jini? Tun daga lokacin kuma idon nan ba ya rabuwa da hawaye, ko iska ce ta kaɗa sai ya kai gefen riga ya share.

Wanda bai san injin nan ba zai ce to mene ne a ciki. Injin kansa mayen ƙarfe ne, amma irin wanda zai fizge kujerar ƙarfe daga hannun ƙato, kuma ba a kashe shi, ko ana aiki ko ba a yi ƙarfinsa na nan. In akwai ɓarɓashin ƙarfe kwance a gefen idon mutum, ko da bai kai ƙwayar gero ba, da an tura shi ciki ɓarɓashin zai iya motsawa ya juya. Abin da ya yi shekaru a kwance bai ta da hankalin kowa ba, sai ya yanki jijiya. Mutum ya shiga neman maganin baya, ya fito da ido ɗaya.

Na je Ɗorayi da yamma, na same shi a soro ya miƙe ƙafar a kan buzu. Bayan gaisuwa na lallaɓa na kawo zancen.

"Kawu, ciwon idon nan da kuka yi da daɗewa, lokacin kuna Bompai..."

"Afolo."

"Na ce ko dai wani abu ne ya faɗa muku a wurin aiki?"

"Kamar me?"

"Kamar ɗan ɓarɓashin ƙarfe haka."

Ya dube ni kamar na zage shi a kasuwa. Sannan ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaron da ya yi shirme. "Ƙarfe? Ni? Uwata, karatun nan dai ya fara taɓa ki."

Da ma na zo da shirina. Na fito da wani ɗan mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske daga jaka, na sa aka miƙo mini wandonsa na aiki, na kakkaɓe naɗin ƙafar a kan murfin kwano. Baƙin ɓarɓashi ya zubo. Na sa mayen ta ƙarƙashin murfin, nan take suka miƙe tsaye cirko-cirko, ina ja suna bi. Na ce masa na asibitin ya ninka wannan nesa ba kusa ba, kuma abin da ya gani a kan murfin nan shi zai faru a cikin kan mutum. Ya sunkuyo yana kallo, ido a buɗe, har da tafa hannu.

"Kai! Allah mai iko. Ki bar mini shi mana, kusoshi na yawan ɓace mini a ƙarƙashin inji."

"Kawu, kun ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ai wannan ƙarfen waje ne. Ni kuwa babu na ciki."

Na mayar da mayen jaka tun kafin ya kai shi kusa da fuskarsa. Ni da nake zama in gano yadda abin da ido ba ya gani ya jeru a cikin gari, ga ni na kasa ciro kalma ɗaya daga bakin mutumin da ya goya ni.

Na shiga cikin gida wajen matarsa, wadda muke kira Iya. Tana bakin murhu tana tankaɗe. Na tsuguna na karɓi rariyar, na yi mata tambayar kai tsaye.

"Ni mijina ya ce Afolo ne," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Iya, idonsa fa zai iya tafiya."

Ta tura itace cikin murhu. Can ta leƙa ƙofar soro, ta rage murya. "Lokacin ina goyon autana. Nonon da na matsa masa a idon nan, Allah kaɗai ya sani. Na ciro masa wani ɗan abu da bakin ɗankwali, ya ce shi ke nan ya fita. Amma ni inda na ga ya huje daban, inda na ciro daban. In kika ce ni na faɗa, ban yafe ba."

"To me ya sa ba zai faɗa ba? Tsautsayi ne fa, kowa yana iya samunsa."

"Ke kin san wa ya ba shi maganin? Babansa, kakanki, da hannunsa, yana kwance ciwon ajali. Ya ce masa daga yau kai da ƙarfe sai dai gaisuwa. Yanzu in ya buɗe baki ya ce ƙarfe ya shige shi, wa ya ƙaryata?"

Wannan ya kamata ya sanyaya mini rai, amma wallahi ƙara tunzura ni ya yi. Kakan nan ya daɗe da komawa ga Allah, ba abin da zai rage shi ko ya ƙara shi. Ga rayayyen ido ana shirin bayarwa don kada a kunyata mamaci. Na fito ko tuwon ban tsaya ci ba.

Ranar da za a yi hoton na riga shi isa wurin. Ina zaune sai ga shi ya sauko daga adaidaita sahu, ba shi kaɗai ba. Ya taho da abokan aikinsa biyu, wani dogo mutumin Jigawa da wani gajere ɗan Damagaram, sun sha manyan riguna kamar masu rakiyar ɗan dambe. Ina ganinsu na san an gama da ni. Abin da bai faɗa a soronsa daga ni sai shi ba, a gaban waɗannan zai faɗa?

Ma'aikaciyar da ke kula da injin ta zo ta fara yi masa tambayoyin da ake yi wa kowa. An taɓa yi masa tiyata? A'a. Akwai na'ura a ƙirjinsa? A'a. Haƙorin Makka? Babu. Sai ta zo kan wadda nake jira.

"Baba, ƙarfe ya taɓa shiga jikinku? Ko harsashi, ko wani abu ya faɗa muku a ido wajen aiki?"

Kawu ya juya ya dubi mutanensa, su ukun suka kwashe da dariya.

"'Yar nan, tambayi waɗannan," ya ce.

"Hajiya, wannan da kike gani," in ji dogon, "ko allurar asibiti sai an roƙe shi take shiga."

Na ja ma'aikaciyar gefe na gaya mata aikinsa da abin da nake zargi. Ta saurare ni da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce in haka ne abu mai sauƙi, a fara ɗaukar hoton eksire na ƙashin fuska, in babu komai a wuce. Ta koma ta gaya masa. Kawu ya murtuke.

"Baya ke ciwo, me ya kawo zancen kai? In ƙafar akuya ta karye, ƙaho ake ɗaurewa? Ba na yi."

Ta lallashe shi, ya kafe. Ta dawo wurina ta ce, "Madam, dattijo ne da hankalinsa, ya ce babu, shaidunsa sun ce babu. Ke kin gani da idonki lokacin da ya shiga?" Me zan ce? Abin da nake da shi jan ƙyalle ne da na gani ina yarinya, sai maganar Iya da aka ɗaure ni da rantsuwa a kanta.

Aka kai shi ya canja kaya. Na bi shi har lungun da ke kaiwa ɗakin injin, abokan suka tsaya a wurin jira. Ya fito cikin rigar asibiti mai ɗaurin baya, ya cire guru da kambu da zobba, ya zuba a hularsa ya miƙo mini. Ban taɓa ganinsa ba tare da su ba. Sai na ga ashe ya rame, ashe tsoho ne. Ya tsaya yana kallon ƙofar mai alamar gargaɗi, ana jiyo ƙarar injin daga ciki. Ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Uwata, na ce ba. In da a ce wani ne, ba ni ba, wani dai da muka yi aiki tare a Bompai. A ce wani ɗan abu ya taɓa faɗa masa a ido, ya daɗe, har ya manta. In ya shiga nan, me zai same shi?"

Na ce a raina alhamdulillahi, an zo wurin. Na tattara duk natsuwar da ta rage mini.

"Zai iya makancewa, Kawu. Nan take, kuma ba gyara."

"Allahu akbar," ya ce, yana girgiza kai. "Allah sarki, bawan Allah."

Ya ja ƙafarsa ya nufi ƙofar.

Ban san lokacin da na dire hular a kan benci na sha gabansa ba. Na tsaya a bakin ƙofar na ware hannuwa. Ma'aikaciyar ta tsaya riƙe da marikin ƙofa tana kallonmu. A tsayuwar nan na gane duk tambayar da zan yi masa a duniya amsarta a'a ce, ko za mu kwana a nan. Saboda haka na daina tambaya.

"Kawu, Afolo ne, na yarda. Ba zan ƙara tayar da maganar ba har abada. Amma tun ina zanin goyo kuke ce mini uwa. To yau uwar ce ke magana. Ba za ka shiga ɗakin nan ba sai an ɗauki hoton fuskarka. In kuwa ka ture ni ka wuce, uwarka ka ture."

Ya tsaya yana dubana. Idon hagun ya ciko, na dama ma ya ciko, wanda ban taɓa gani ba.

"Ita ma haka take tare ƙofa," ya ce a hankali. Sannan ya ɗaga murya yadda ma'aikaciyar za ta ji da kyau. "'Yar nan, uwata ta ce a yi. Ni dai babu komai, amma ba a saɓa wa uwa."

Aka ɗauki hoton ta gaba da ta gefe. Likita ya kira mu, ya juyo mana da allon kwamfuta. Ga ƙoƙon kan Kawu, ga ramukan idanu biyu, ga kuma wani ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar riɗi can cikin ramin hagu, yana haske fiye da ƙashin da ke kewaye da shi. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Na sauke ajiyar zuciya, na nemi kujera.

Kawu ya matsa ya ƙura wa allon ido. Ya sa babban yatsa ya goge wurin.

"Likita, gilashin naku ne da datti."

Likitan ya nuna masa hoto na biyu, ɗigon na nan daram. Ya ce abin yana gab da jijiyar gani, tun da bai dame shi ba a bar shi inda yake, amma injin mayen ƙarfe kam shi da shi har abada. Za a duba bayan da wani injin daban, wanda ba ruwansa da ƙarfe. Kawu ya miƙe. Ya karɓi hularsa daga hannuna, ya mayar da guru da kambu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zaman riga. Na zaci ko sannu zai ce mini. Ko kallona bai yi ba.

Muna fitowa abokan suka miƙe. "Har an gama?"

"Ina!" in ji Kawu, murya ta dawo garau. "Sun duba ni sun ce injin ba zai iya da jikina ba. Likita da kansa ya ce kada in kuskura in kusance shi."

Ɗan Damagaram ya riƙe baki. Dogon ya juyo wurina. "Malama, ke ce masaniyar abin. Haka ne?"

Ni da na yi shekaru ina koya wa ɗalibai kada su faɗi abin da ba su auna ba. Na dubi Kawu, ya kafe ni da idon nan na hagu, ba ya ko ƙiftawa.

"Haka ne," na ce. "In aka saka shi, ɓarna za a yi."

Suka hau kabbara a tsakiyar asibiti.

Kafin wata ya zagayo labarin ya gama Sharaɗa, ya tsallaka har majemun Challawa. An ce injin Turawa ya ƙi karɓar mutumin, kuma 'yarsa malamar jami'a, wadda ta je har ƙasar waje ta karanto mayen ƙarfe, ta shaida da bakinta. Wani ɗalibina da yayansa ke aiki a can har ofis ya same ni yana tambaya ko gaskiya ne. Na ce ya fita ya ba ni wuri. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

An yi masa aikin bayan, ya samu sauƙi, ya koma bakin aiki duk da mun hana. Wata rana na biya ta Sharaɗa in kai masa magani. Mai gadi ya bar ni na shiga har rumfar gyare-gyare. Tun daga nesa na hango tartsatsi na tashi, na hango shi sunkuye a kan dutsen giranda. Ƙusar nan ta bango babu komai a jikinta. Tabarau ɗin kamfani na fuskarsa, ya ɗaure shi tam da roba ta ƙeya.

Ya kashe injin ya ɗaga tabarau zuwa goshi. Dogon nan mutumin Jigawa na gefe yana yi masa tsiya, wai yaushe ɗan tauri ya fara tsoron tartsatsi.

"Ba don ƙarfe ba ne," in ji Kawu. "Uwa ce ta ce a sa."

Ni ban taɓa ce masa ya sa ba. Ya hango ni tun ban ƙaraso ba, ya washe baki, ya kai gefen riga ya share idon hagu.

"Sannu da zuwa, Uwata. Kin ga Afolon nan har yau bai sake ni ba."